Yadda Muryar Inna Ta Ƙetare Lagun

Da Inna ta rasu a Maradi, Allah ya jiƙanta, ba a sha wahalar raba kayanta ba. Zannuwa ne da kwanoni da wani akwatin ƙarfe mai karyayyen mariƙi. Abin da ya gagari rabo yana nan Abidjan a hannuna, wato tsohuwar wayata.

Inna ba ta rubutu, saƙon murya take turo mana, kuma shekara shida ta yi tana turowa. A lokacin Yayata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai take riƙewa, don haka komai wurina yake sauka, har wanda aka yi dominta. Saƙo ɗari huɗu da ɗoriya suka taru. Kowanne da gaisuwa yake farawa, sai ta bi maƙwabtanmu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ba ta taɓa gani ba, kafin ta zo kan abin da ya sa ta ɗauki waya. A bayanta kana jin kaji, wani lokaci da luguden daka.

Bayan addu'ar arba'in Yaya ta ce ita ce babba, wayar wurinta za ta zauna. Na ce ai tawa ce. Muka yi kwana uku ba mu gaisa ba, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba. Daga ƙarshe muka sasanta: mako ɗaya a gidana a Williamsville, mako ɗaya a gidanta a Arras, cikin Treichville. Na sayi wata wayar don harkokina, ita kuwa tsohuwar duk Juma'ar da makon Yaya ya zo sai in naɗe ta a ɗankwali, in cusa cikin rigata, in hau woro-woro, tasin haɗaka, zuwa Adjamé, in kutsa cikin cunkoson tasha, in sake hawa wata motar da za ta ƙetare gadar lagun, ruwan da ya raba garin, zuwa Treichville. Hannuna ɗaya a ƙirji har in isa, ina ta karanta addu'ar tsari. Duk wanda ya san tashar Adjamé ya san ba tsoron banza nake ji ba.

Ɓarawo bai same ta ba, tsufa ne ya cim mata. Cikin damina na lura bayanta ya fara tashi kamar ƙullin fanke, kuma da an zare caja sai ta mutu. Maigida ya ce in kawo ya kai wa masu gyara. Na ƙi. A cikin saƙonnin akwai maganganun da uwa ke faɗa wa 'ya'yanta mata kaɗai, akwai sirrin gidajen dangi. Ba zan miƙa wa baƙon namiji su in juya baya ba.

A tsakar gidanmu akwai wata maƙwabciya Bajula, sa'ata ce, aikin kwamfuta take yi a Plateau. Ta same ni bakin famfo ina share hawaye, ta yi mini sannu irin ta Abidjan, ta ce, “Yako, 'yar'uwa. Wa ya rasu kuma?” Da na nuna mata wayar sai ta juya ta a hannu ta ce wannan kwananta ya kusa ƙarewa, amma abin da ke cikinta ba dole ya bi ta ba. Akwai kamfanonin da ke karɓar ajiya a manyan na'urorinsu, ka tura ta intanet, ka ɗauko daga duk inda kake.

Na ce, “Ajiya wurin wanda ban san fuskarsa ba?”

Ta ce, “Kwantenar mijinki da ke kan teku, kin san fuskar direban jirgin?”

Ranar Asabar ta kawo kwamfutarta ɗakina. Sharaɗi ɗaya na gindaya mata, cewa ni zan danna komai da hannuna, ita dai ta nuna, kuma ba za ta saurari ko ɗaya ba. Ta yi dariya ta ce ko ta saurara me za ta ji a Hausar Maradi, mu da muke magana kamar ana kora mu. Maigida ya ba da katinsa na banki muka yi rajista. Sai ta ce yanzu in buɗe bokiti. Na ɗauka zolaya ce, ashe haka masu aikin ke kiran ma'ajin da ake zuba abubuwa ciki. Dole a raɗa masa sunan da babu mai irinsa, don haka na haɗa sunan Inna da na unguwarmu ta Maradi, na yi bisimilla na danna.

Daga nan aka tambaye ni ko bokitin na kowa ne ko nawa ni kaɗai. A nan na fi daɗewa. Sau uku na sa ta maimaita mini bayanin, sannan na kulle shi. Aka ba ni makulli mai layi biyu, dogayen haruffa da lambobi a cakuɗe, ta ce na biyun sau ɗaya ake nuna shi, in ya ɓata sai dai a yanka sabo. Na kwafe shi da biro a littafin da nake rubuta azkar, na karanta mata, ta karanta mini.

Turawar ce ta ci rai. Mun jona tsohuwar waya da kwamfuta, amma da ta ɗan yi aiki sai ta ɗauki zafi ta yanke. Na kwantar da ita a kan siminti ina yi mata fifita kamar mai zazzaɓi. Maƙwabciyata ta ce a tura kaɗan-kaɗan, in zaɓi inda za a fara. Na ce daga na ƙarshe, wanda Inna ta yi ana saura kwana tara ta rasu, a riƙa komawa baya. Da safe kafin ta tafi aiki mu tura wasu, bayan la'asar in ta dawo mu ƙara. Haka muka yi ta yi har Juma'ar Yaya ta zo ta wuce ban kai ba.

Ta kira ni. “Ke, kin cinye mini kwana biyu. Ko gadar ce ta karye?”

“Yaya, ki ƙara haƙuri, wani aiki nake mata.”

“Aikin me? Kar dai ki ce kin ba yaran nan sun yi wasa da ita.”

Ranar Litinin saura goma sha ɗaya, mafiya tsufa, na farkon lokacin da Inna ke koyon danna maɓallin. Muna cikin turawa fuskar wayar ta yi fari, sannan ta yi baƙi. Muka canza caja, muka canza igiya, ko motsi. Na tashi na yi alwala na yi nafila, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Waɗannan sha ɗayan sun tafi. Har yau nakan tuna akwai wanda a ciki take tambayar wani yaro ko abin ya fara ɗauka, tana dariya.

Maƙwabciyata ta sa mini manhajar buɗe bokitin a sabuwar wayata, na gwada, murya ta fito. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Gani nake don kwamfutar tana kusa ne, ɗaki da ɗaki. Ina tabbacin za ta kai Treichville? Kafin in fita ta yanka mini makulli na biyu domin Yaya, wanda ke buɗewa a saurara amma ba ya iya gogewa.

Na sami Yaya tana soya kifin da za a ci da aceke, dambun rogon nan na Abidjan. Na kwance ɗankwali na ajiye matacciyar waya a gabanta. Ta danna, ta sake dannawa, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Zama kawai ta yi a kan turmi ta ce, “Shi ke nan, kin ƙarasa binne ta.”

Na ce, “Ba ni wayarki.”

Yanzu tana da babba, surukinta ya saya mata. Na sauke manhajar, na buɗe littafin azkar na fara shigar da makulli. Karo na farko aka ce ba daidai ba, na tsallake harafi. Kifi na ƙonewa, ba wadda ta tashi. Na sake bi a hankali, ina faɗin kowane harafi a fili. Sai ga jerin ya sauko, dogo, ba ya ƙarewa. Na taɓa na sama.

“Salamu alaikum, kuna lahiya? Ina Babba, ina Ƙarama?”

Yaya ta yi kabbara da ƙarfi har matar da ke ɗakin sama ta leƙo ta taga. Ta fizge wayar ta manna a kunne, ta cire ta duba bayanta, ta sake mannawa. Muka yi kuka, muka yi dariya, muka ci ƙonannen kifi. Na gaya mata maganar sha ɗayan da suka salwanta, ta ce Allah ya sa iyakar asararmu ke nan. Da ta ji nata makullin ba ya gogewa sai ta harare ni.

“Wato ni ce mai ɓarna?”

“Yaya, yatsanki nauyi gare shi. Ke kika goge hotunan sunan jikarki.”

Ta ɗaga ludayi, na kauce.

Washegari da hantsi ina wanki ta kira. Ta ce in na gama saurare in gaya mata, tana so ta buɗe, ba ta son ta janye mini Inna ina tsakiyar ji. Na ce ta buɗe kawai, ba layi ake bi ba. Ta ce ba ta yarda ba. Sai na ce to ta ari wayar 'yarta ta kira ni da ita, ni ma in amsa da ta maigida da ya bari a caji, mu danna saƙo guda a tare. Muka zaɓi wanda Inna ke koya mana yadda ake gyara daddawa in ta yi ɗaci. Na ƙirga uku muka danna. Ina jin ta a tafin hannuna, ina kuma jin ta daga can Arras ta cikin ɗaya wayar, ta Yaya tana ɗan bin tawa a baya. Muka saurara har Inna ta gama bayanin, ta yi mana addu'a, ta kira wani ya zo ya kashe mata abin.