Tambayar Uwar Sarakunan Rum

A unguwarmu ta Karantina, can ƙasar Makka, ba mu san sanyin da zai sa a hura wuta ba. Wutar kakarmu, Hajja Bilki, ta shayi ce: ɗan gawayi a kasko bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta. Yaran maƙwabta ana ba su labarin kura da zomo, mu kuwa Rumawa muka gada. Hajja ta yi shekaru tana guga a gidan wani malamin tarihi a unguwar Balad, mai bitar darasinsa da ƙarfi. Ta kwashe abin da ya yi mata, ta bar masa sunaye da shekaru.

Wanda ta fi maimaitawa shi ne na 'ya'yan sarkin Rum biyu. Ubansu ya mutu a bakin daga, ya bar musu mulki su riƙe tare. Kafin su iso gida sun daina cin abinci wuri ɗaya, kowa na tsoron guba. Suka raba fada, suka toshe ƙofofi, kowa ya ja nasa sojojin. Daga nan suka shimfiɗa taswira za su raba daular, gabas ga ƙarami, yamma ga babba. A daidai nan Hajja takan ɗaga murya fiye da yadda mu da ke gabanta muke bukata.

"Sai uwar ta ce, ƙasa da teku kun raba, halas, an gama. To ni fa, yaya za ku raba ni?"

Daga nan sai Hajja ta ce yalla, maza a kwashe kofuna. In mun tambayi abin da ya biyo baya, ta ce a nan aka kira salla, malamin ya tafi masallaci.

Ban lura ba a lokacin cewa kullum a jikin katangar katako take ajiye kaskon. Katangar ta raba tsakar gidanmu tun da Baba da ƙanensa, Baffa Sale, suka saɓa a kan wanda zai riƙe shagon yadin da kakanmu ya bari a kasuwar Bab Makka. Baba na shan shayinsa a wannan gefe, Baffa a wancan. Duk suna ji. Ko tari babu wanda ya taɓa yi.

Sai a jami'a na karanta ƙarshen: babban ya sa aka kashe ƙaramin a jikin uwarsu, a zaman sulhun da aka yi a ɗakinta. Na tabbata Hajja ta ji wannan ma. Faɗa wa 'ya'yanta ne ba za ta iya ba.

Namu ba su kai Rumawa ba, ba a zubar da jini ba. Amma tambayar da ta gagari sarakuna, su sun samo mata amsa. Da aka rushe Karantina, kowa ya kama haya a unguwa daban, aka shirya ta bakinmu 'ya'yansu: Hajja ta yi wata guda nan, wata guda can. Haka ta ƙare rayuwarta, da jaka a cinya cikin taksi, kuma ba ta sake ambaton Rum ba.

Ranar jana'izarta Baba da Baffa suka tsaya a sahu ɗaya, karo na farko da na taɓa gani. Ni aka sa a tsakaninsu.