Aikin da Aka Yi wa Goshi, Ɓeran Masar ɗin Babana

Assalamu alaikum. Kun ji ni shiru an kwana biyu, har wasu na tambaya ko lafiya. Lafiya lau nake, jinya ce ta riƙe ni. In na gaya maku wa na yi jinya wasunku za su yi dariya, kuma ba zan ji haushi ba.

Ɓeran Masar ce, sunanta Goshi saboda farin da ke goshinta.

Babana makiyayi ne tun tasowarshi. Bayan ɓarayin daji sun kore mashi shanu a ƙauyenmu na wajen Sabuwa, muka dawo da shi wurina a Sheme. Mutumin da ya saba wuni a daji ya koma zaman zaure, ba magana, abinci sai an yi da gaske. Wata maƙwabciya ta ba ni ɓerayen Masar guda biyu, mace da namiji. Ni aka ba, amma Baba ya karɓe kiwon. Shi ke yanko masu ciyawa, shi ke share akurki, a wurinsu na fara jin ya yi dariya.

Goshi ta ɗauki ciki, ta yi nauyi ƙwarai. Wata safiya Baba ya kira ni.

"Hafsatu, zo ki gani. Naƙuda take, amma abin ya tsaya."

Ta takure a lungu tana nishi, ga ɗan jini, ta ƙi ko kallon ciyawa. Wani maƙwabcinmu ya leƙo ya ce, "Malam, a sa mata wuƙa kafin ta tafi a banza." Baba ya juyo ya kalle ni. Na ɗauko kwali na shimfiɗa tsohon zane, muka hau mota sai Funtua.

Likitan dabbobin ya tattaɓa cikin, ya ce ƙugunta ya riga ya ƙanƙame saboda ta girma kafin ta yi cikin fari, 'ya'yan ba za su fito ba sai an yi aiki.

"Ba zan ɓoye maku ba," in ji shi. "Irinsu ba su cika jure allurar barci ba. Tana iya tafiya a hannuna."

Baba ya ce, "In an bar ta fa?"

"Ba za ta kai gobe ba."

"To ka yi bismillah."

Kuɗin aikin ya ninka kuɗinta sau da yawa. Na biya daga abin da na tara na ɗinki, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

'Ya'yan ba su zo da rai ba. Ita ta farfaɗo, an aske mata ciki, ga ɗinki kamar na bakin buhu, jikinta sanyi ƙalau.

A gida aka fara ainihin wahalar. Likita ya ce in ta daina ci hanjinta zai tsaya, kuma shi ke kashe su, ba ciwon ba. Ita kuwa ta rufe baki. Sai na riƙa daka ɗanyar ciyawa da ganyen latas da tattasai, in dama da ruwa, in zuba a sirinji marar allura. Baba ya naɗe ta a zane ya riƙe, ni ina ɗura mata kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Rabi ya shiga, rabi ya ƙare a rigar Baba. Kafin la'asar mun yi haka ya fi a ƙirga, ɗinkin mutane na ajiye.

Gorar ruwan ɗumi muka naɗe a tsumma muka jingina mata. Kullum da safe abin da muke fara dubawa kashinta ne. Ban taɓa zaton zan ga dattijo ya tsuguna yana murnar kashin ɓera ba, amma ranar da ya fara fitowa Baba har da hamdala.

Sai kuma ɗinkin ya kumbura ya yi ja. Nan na tsorata sosai. Wata ƙawata ta kawo mani kafso irin wanda muke sha, ta ce in fasa mata a ruwa. Allah ya sa na fara kiran likita.

"Kada ki kuskura!" ya ce. "Wannan guba ne a cikinsu. Ku kawo ta."

Muka koma, ya wanke wurin, ya ba da nashi maganin. Ta rame har ƙashin bayanta na taɓuwa. Na ce wa Baba ko dai mun wahalar da ita ne kawai.

"Dubi idonta," ya ce mani. "Na yi jinyar shanu da yawa. Mai tafiya ba haka take kallo ba."

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Yau ta lasa, gobe ta ƙi. Makonni muka yi a haka, har wata hantsi ta miƙa wuya ta fizge ganyen masara daga hannun Baba ta hau ci da kanta. Ya daɗe bai ɗago kai ba.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitan da bai raina mu ba, da masu kawo mani ɗinki da suka yi mani haƙuri. Allah shi saka maku da alheri.

Masu kiwonsu, ku riƙe wannan. In mace ta girma ba ta taɓa haihuwa ba, kada ku haɗa ta da namiji sai kun tambayi likita. In ta ƙi ci daga safe zuwa yamma, kada ku jira gobe. Kada ku ba ta maganin mutane. Bayan aiki a ware ta, a shimfiɗa mata zane mai tsabta, ba ƙasa ko dusar katako ba.

Yanzu haka da nake rubutun nan ta ji motsin leda a tsakar gida, ta cika mana kunne da tsuwa. Baba na kira daga zaure wai in ajiye wayar nan in kawo tattasai. Bari in je.