Matoshin Jirgin Mas'uda

Yabo ya tabbata ga Allah, wanda ya hore wa bayinsa koguna, ya gudanar da jirage a kansu da umarninsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihin Malam Abdoulaziz ne, mutumin Gaya ta ƙasar Nijar, wanda ya yi zamani yana loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena a tashar Huangpu, a nan Guangzhou, ƙasar Sinawa.

A bakin kogi aka haife shi. Ƙanwarsa Mas'uda ta rasu a cikin ruwa, ranar da wani tsohon kwale-kwale ya kife da masu dawowa daga kasuwa. Tun daga nan ya ƙulla niyyar aika wa ƙauyensu jirgi mai inji, ya zama wakafi ga masu ƙetarewa, ladan ya isa gare ta. Bai kasance mai yawan magana ba, amma duk wanda ya yi sallah kusa da shi ya san wannan buri.

Da Allah ya hore masa, sai ya sayi farin jirgin faiba, wato roba mai ƙarfi, ya rubuta sunan Mas'uda da Larabci a goshinsa. Sai dai babu gurbi a kwantena sai bayan bikin sabuwar shekarar Sinawa, ga hunturu ya shigo da ɗanshinsa. Nan amininsa Waris, ɗan zangon Kumasi mai fataucin jakunkuna, ya ce ya kawo shi sitonsa na Shiling, inda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki don kada fata ta yi fumfuna. Waris yakan kira shi Yaya, yakan kuma tsokane shi da Sarkin Ruwan da ba shi da ko kududdufi. A kwano ɗaya suke buɗa baki kowane azumi.

Malam Abdoulaziz ya shirya jirgin kamar mai yi wa amarya jere. Ya wanke cikinsa da bayansa, ya tsiyaye man inji, ya shafe ƙarafa da giris, ya cire batir. Ya ɗora shi a kan gungumen katako nesa da bakin na'urar, ya lulluɓe shi da yadi mai shan iska, ba leda ba. Daga ƙarshe ya kwance matoshin tagulla da ke gindin jirgin, ƙarƙashin daɓen katako, domin ragowar ruwa ya tsane. Al'adar masu ajiye jirgi ke nan. Ya sa matoshin a aljihu tare da carbinsa, ya riƙa zuwa bayan Juma'a yana dubawa.

Wata Juma'a, ana gab da bikin, ya tarar da gungumen katakon kawai, da yadin a naɗe. Ya tambayi mai gadi Basine, shi kuwa ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu, loban, wato maigidansa Waris, ya ɗauka. A ƙasa ga ɗigon fenti shuɗi, daidai inda goshin jirgin yake, alamar an shafe sunan Mas'uda.

Waris bai yi musu ba a waya. Ya ce wani babban mai ciniki da shi, mai masaukin shaƙatawa a bakin tafki a Ghana, ya matsa masa da neman jirgi, ga masana'antu sun rufe, ga kwantenarsa na shirin tashi, shi ya sa ya loda masa shi. Ya ce abu a sitonsa yake, kuma bayan biki zai kawo wanda ya fi shi.

Malam Abdoulaziz ya ce, "Sunan fa, Waris?"

Ya ce, "Yaya, ai fenti ne kawai."

Malam Abdoulaziz ya zo wurina, ni limamin masallacinmu, da la'asar, fuskarsa ta canza. Ya ce da ɓarawo ne da ya haƙura tuni, amma wannan mutum ya san wace ce Mas'uda, ya ma taya shi riƙe gwangwanin fenti ranar da aka rubuta sunanta. Ya fito da matoshin ya ajiye a kan darduma. Ba wanda ya san an cire shi, kuma daɓen ya rufe ramin. In aka tura jirgin cikin tafki haka, sai an yi nisa ruwa zai bayyana.

Ya dubi matoshin, sannan ya sake kiran Waris a gabana. Ya ce, "Gindin jirgin a buɗe yake. Kada kowa ya hau sai an toshe. Matoshin zai biyo jirgin sama." Bai jira amsa ba ya kashe wayar. Washegari ya kai matoshin filin jirgin sama na Baiyun da hannunsa.

Damina ta sauka a Gaya, mutane suka ci gaba da ƙetarewa a tsofaffin kwale-kwale. Waris bai kawo wani jirgi ba, ya kuma sauya masallaci. Malam Abdoulaziz bai sake ambaton sunansa ba, ko da sharri. Ya fara shirin sayen wani jirgin, sai ciwo ya kama shi, ya koma gida ya rasu, aka binne shi kusa da kogin.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Abdoulaziz da ƙanwarsa Mas'uda, ka rubuta masa ladan jirgin da bai iso ba, ka ƙetarar da su zuwa ga rahamarka. Amin.