Yadda Na Riƙe wa Darakta Kujera

Kawuna gyaran kujerun kushin yake yi, a wani shago da ke manne da gidansa. Mutum ne da bai taɓa yin musu da matarsa ba, bai kuma taɓa yin abin da ta ce ba. Yana da wani ramammen kare mai karyayyen kunne da ya raɗa wa suna Darakta, wai don duk shagon shi kaɗai ne ke ci ba ya aiki.

Da na gama jami'a aiki ya ƙi samuwa, sai na tare a wurinsu. Kawu ya dube ni, ya dubi karen, ya ce, "Darakta, ka yi mataimaki."

Wata rana matar Kawu, wadda nake kira Inna, ta ga kaska a kunnen Darakta, ta sha jini ta yi tim kamar ƙwayar wake. Ta ce ko kare ya bar gidan ko ita ta bar shi. Kawu ya ja karensa ya kai garejin wani abokinsa. Ya yi abin da ta ce, kuma tun daga nan ya kamata mu tsorata.

Akwai wata doguwar kujera a ƙuryar shagon, mai ita bai dawo ɗauka ba, a kanta Darakta ke baccin rana. Da ya tafi, ni na gaje ta.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da ni. Na sha maganin maleriya, kamar na sha ruwa. Kaina kamar zai tsage, jikina ya feso da ƙuraje. Aka kwantar da ni a asibiti, ina kallon silin yana juyawa.

Likita ta gano wani baƙin tabo a bayan gwiwata. Ta ce, "Kuna da kare?"

Kawu ya ce, "Da dai."

Ta ce kaskar kare ta daɗe da koyon zaman gida. A tsagar bango da ɗinkin kujera take ƙwai, tana iya yin watanni ba ta ci komai ba. An ɗauke mai ciyar da ita, sai ta kama wanda ta tarar a makwancinsa.

Kawu ya yi fuskar jimami, amma na ga yana danne murmushi.

Da aka sallamo ni, ya zauna kusa da Inna. "Uwargida, kin ji abin da likita ta ce."

"Cewa ta yi a fesa magani, a toshe bango. Ba ta ce a dawo da kare ba."

"Gaskiyarki. Sai dai in wata kaskar ta tsira fa? Yaron nan an riga an tsotse shi. Ni kuwa kin san ƙashi ne da fata." Ya ɗan dubi damtsenta. "Mai jini ɗaya ta rage a gidan nan."

Inna ta ja mayafi ta rufe hannunta.

"A yi masa wankan magani kafin ya tako mini ƙofa."

Aka fesa magani, aka shafe bango da siminti, Kawu ya ƙone soson kujerar. Darakta ya dawo da abin wuya mai kashe kaska, yana tafe kamar wanda ya dawo daga hutu.

Ni kam har yau ba na zama a kujerar da ban duba ɗinkinta ba. In masu kawo gyara suka tambayi dalili, sai Kawu ya ce, "Ku ƙyale shi, ɗana ne. Shi ya riƙe wa Darakta muƙami lokacin da aka dakatar da shi."