Herlinda a Akwati na Sittin da Uku

Sau uku aka canja wa tashar talabijin ɗinmu suna, sau uku kuma aka ɗinka wa Anacleto Briseño rigar aiki mai sabon tambari a ƙirji. Amma har ya yi furfura, in ka tambaye shi inda yake aiki sai ya ce, "Wurin Don Próspero." Don Próspero kuwa, mai tashar na farko, ya daɗe a ƙasa. Mu mutanen yammacin San Antonio ba mu ga laifinsa ba, don mu ma ba mu taɓa gane wa ya sayi wa ba. Yau a ce na Meziko ne suka mallake ta, gobe a ce wasu na New York, jibi ka ji wai hedkwata ta koma Miami. Mu dai tunda akwatin yana magana da Sifaniyanci, sai mu ja kujera mu zauna.

Don Cleto, kamar yadda kowa ke kiran Anacleto da laƙabin girmamawa, ya shiga aikin tun tashar tana cikin wani tsohon ɗakin ajiye kayan gini, a shekarar 1962. Lokacin sai ka sayi wani ɗan akwati ka ɗora a kan talabijin, ka maƙala eriya mai kama da zobe, kafin ka kama mu, shi ma hoton yana rawa. Aikinsa kula da faifan bidiyo ne. Kowane faifai faɗinsa ya kai farantin cin abinci, nauyinsa ya kai na jariri, kuma kowanne da akwatinsa da lambarsa. Wasannin kwaikwayo masu dogon zango daga birnin Meziko suke zuwa a bas. Shi zai je tasha ya ɗauko su, a nuna, ya mayar da kowane a akwatinsa, ya sake kai su bas su wuce Los Angeles, daga can su wuce gaba. Haka tashoshin suke miƙa wa juna, kamar kwano ɗaya a gidan yawa. Labarin da muka yi wa kuka a wannan mako, sai mako mai zuwa na California za su fara nasu kukan.

Shirinmu na gida guda ɗaya ne, na waƙe-waƙen ranar Lahadi. A ɗauka ran Alhamis, a nuna ran Lahadi, ran Litinin a goge a ɗauki wani abu a kai, don faifai tsada gare shi, Don Próspero kuwa bai yarda da ajiye abin da aka riga aka kalla ba.

A 1967 matar Cleto, Herlinda, ta fito a shirin tare da wasu mata biyu na ƙungiyar mawaƙan coci. Ranar da aka ɗauka yana tashar bas yana jiran motar da ta yi latti. Ranar Lahadi da aka nuna kuma yana durƙushe bayan na'ura yana ɗaura faifan da zai biyo baya, sai muryoyi kawai ya ji. A gida ba su da ɗan akwatin nan tukuna. Mutumin da rabin unguwa ke kallo ta hannunsa, shi kaɗai ne bai ga matarsa ba.

Ran Litinin da aka miƙo masa faifan ya goge, hannunsa ya ƙi. Ya waiga, ba kowa, sai ya zura shi a akwatin da ya gani a buɗe, na kashi na sittin da uku na wasan da ake yi a lokacin, da niyyar in an tashi ya sake masa wuri. Nan take Don Próspero ya ƙwala masa kira ya zo ya riƙe tsani. Daga tsani aka aike shi sayo ƙwan fitila. Da la'asar ta yi, hannu ya yi abin da ya saba: ya jera akwatuna daga sittin da ɗaya zuwa sittin da biyar, ya ɗaure, ya kai bas, har da gargaɗin direba kada ya ɗora musu kaya. Washegari ya tarar da ainihin sittin da uku a kan tebur, tsirara, yana jiransa. Garin gyaran gira an rasa ido.

Abin da ya faru a Los Angeles ta waya muka ji. Dubban mata sun gama wanke kwanuka sun zauna su ga ko marainiyar wasan za ta gane cewa attajirin nan mahaifinta ne, sai ga mata uku suna waƙa, suna gamawa sai ga wani mai ƙaton gashin baki yana tallan katifar wani shago da ke nesa da su tafiyar kwana biyu. An ce wasu sun zauna har ƙarshe suna jiran a haɗa musu labarin, wata ma ta rantse ɗaya daga cikin ukun ita ce uwar marainiyar. Don Próspero ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Cleto ya aika sittin da uku na gaskiya, ya haɗa da wasiƙa yana roƙon a maido da wancan. Shiru kamar an shuka dusa.

Herlinda dariya ta yi har da riƙe ciki.

"To me za ka yi da ni a akwati, Cleto? Ga ni a gabanka, kullum kana cewa na cika surutu. Zauna ka ci abinci kafin ya huce."

Ya zauna ya ci. Shekara goma sha biyu bayan haka ciwo ya ɗauke ta cikin wata biyu.

Hotunanta ambaliya ta tafi da su tun tana raye, sai guda ɗaya na ranar aure, wanda mayafin amarya ya rufe rabin fuskarta, rana ta cinye sauran rabin. Shi yake ɗorawa kowace shekara a teburin Ranar Matattu, ranar da muke tunawa da mamatanmu, tsakanin furanni ruwan ɗorawa da burodi mai sukari da kofinta. Da farko bai damu ba, don yana rufe ido yake ganinta. Sai wata shekara ya rufe ido ya ga goshi da gashi, amma hancin ya ƙi zuwa. Wata shekarar bakin ya tafi. Wannan abu ya tsorata shi ƙwarai, kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa. Ta yaya mutum zai kwana ya tashi da mace shekara ashirin da ɗaya, a ce ya kasa haɗa fuskarta?

Sai ya koma rubuta wasiƙu. Ana cikin haka tauraron ɗan Adam ya zo, aka daina jiran bas, aka mai da shi mai tsaron ɗakin ajiya. In ya rubuta wa Los Angeles, su ce ai yanzu sai New York. New York su ce wancan kamfanin ba shi ne wannan ba, ko da yake ginin ɗaya ne, mutanen ma su ne. Wani ya amsa masa cewa tashar da yake magana a kai ba a taɓa yin ta ba. Don Cleto ya karanta wasiƙar yana zaune a cikin tashar, ya dubi bango, ya dubi rigarsa, ya rasa wanda ya ruɗe tsakaninsa da mai wasiƙar.

A 1992 aka turo wata matashiya daga Miami, Yamilé Fundora, ta haɗa shiri kan tarihin tashoshin. Magana take kamar ana korarta, rabin kalmomin ta haɗiye, shi kuwa yana ta gyaɗa kai ba don ya gane ba.

"Don Cleto, an ce kai ne mafi daɗewa a nan. A wace shekara aka kafa mu?"

"Wace ce mu ɗin, 'yata? Ta Don Próspero, ko ta bayan rasuwarsa, ko taku?"

"Duka ai ɗaya ne."

"To ki gaya wa na New York, su sun ce ba ɗaya ba ne."

Ta ajiye biro ta dube shi, shi ma ya dube ta. Da hira ta ƙi tafiya, sai ya ba ta labarin faifan, tunda shi kaɗai ne tarihin da ya tabbatar da shi. Ta yi dariya a wurin dariya, ta yi shiru a wurin shiru, ta rubuta lambar.

Bayan wata huɗu ta dawo da ƙaramin kaset a jaka. An sami akwatin a wani sito a Fresno, ƙarƙashin tulin takardu, lambar tana nan. Na'urar da ke iya karanta irinsa saura ƙalilan a ƙasar, don haka farkon waƙar kawai ta kwafo masa, abin da bai kai minti ɗaya ba. Ta ce tana so a rubuta sunan marigayiyar a ƙarƙashin fuskarta ranar da za a nuna shirin, ya nuna mata ita kawai.

Ya kira Otilia, ƙanwar Herlinda, wadda tun ranar ɗaurin aure ba ta taɓa barinsa ya gama magana ba. Suka zauna a ɗakin ajiya, Yamilé ta kunna.

Mata uku ne a jere, hoton baƙi da fari, yana ɗan rawa. Riga iri ɗaya, ɗaurin gashi iri ɗaya, an shafe su da hoda da jan baki yadda fitilun wancan zamani ke buƙata, har fuskokin sun zama kamar ƙwai uku a faranti. Muryoyin ma sun narke cikin juna. Don Cleto ya matso da kujera. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya yi ta jiran ɗaya ta kira shi, babu wadda ta kira.

"Ga Yaya can, ta hagu," in ji Otilia.

"Ta hagu ta cika tsawo."

"Takalmi ne, mijin Yaya. Kai ai ko ni da nake kusa da kai sai na yi tari kake sanin na shigo."

"Ke kina Laredo da tsohon ciki lokacin, me kika gani?"

"Kai da kake garin me ka gani? Bayan na'ura?"

Wannan ta shige shi. Ba wanda za a tambaya kuma, don ɗaya daga cikin sauran matan biyu ta rasu, ɗayar ta koma Chicago tun tuni, ba a san inda take ba. Aka sake kunnawa, aka kuma sakewa, har sau shida. Ta tsakiya tana ɗan murmushi tsakanin baituka, tana da kumatu. Ya ga kamar ya san kumatun. Ya ga kuma kamar so yake ya san su. Yamilé tana riƙe da biro, jirginta na yamma ne, Otilia ta harɗe hannuwa tana jiran ya faɗi. Ya ji in ya ce bai sani ba, ya binne Herlinda karo na biyu, a gaban ƙanwarta.

"Ta tsakiya ce," in ji shi.

"Ka tabbata, Don Cleto?"

"Matata ce fa, 'yata."

Otilia ta taɓe baki, amma ba ta yi masa musu ba, abin da ya nuna ita ma ba ta tabbata ba.

An nuna shirin wata Lahadi da yamma, a lokaci ɗaya daga New York har Los Angeles. Falon Don Cleto ya cika da maƙwabta, an kawo tamale, irin alalar masara da ake dafawa a ganye, an kawo kujeru daga coci. Aka yi ta nuna manya masu kwat suna yanke ƙyalle, kowa yana faɗin shekarar da ta bambanta da ta ɗan'uwansa. Sunan Don Próspero bai fito ko sau ɗaya ba. Can wajen tsakiya sai ga mata uku, baitin ƙarshe na waƙar, wanda ba a kwafo masa ba. Rubutu ya fito fari tas a ƙarƙashin ta tsakiya: Herlinda Briseño, San Antonio, 1967. Falon ya ɗauki tafi. Don Cleto ya kafe ta tsakiya da ido, yana haddace ta, goshi da hanci da baki, don kada su sake kuɓuce masa.

Waƙa ta ƙare, matan suka rusuna, suka juya za su fita. Mai ɗaukar hoton bai kashe da wuri ba. Ta dama, da ta yi taku biyu, ta ɗauka an gama da ita, sai ta dafa kafaɗar ta tsakiya, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta zare takalmi, ta ɗaga ɗayar ta zare, ta haɗa su a yatsu biyu ta wuce ba takalmi, tana tsallake wayoyin lantarki. Haka take yi kowace Lahadi in sun dawo daga coci, da zarar sun karyo kwanar layinsu, shi yana biye da ita yana cewa za ta taka ƙusa.

Talla ta shigo. Maƙwabta suna ta cewa kumatun nan ai ba su ɓuya, wata tsohuwa ma ta ce tun kafin rubutu ya fito ta gane ta. Don Cleto bai ji su ba. Ya juya ya dubi Otilia, ya ga ta toshe baki da hannu.

"Ta dama ce," ya ce a hankali.

"Na gani, Cleto."

"Ke kin kalli fuskarta?"

Otilia ta girgiza kai. Ita idonta a kan ta hagu yake.