Man Keke a Sarƙar Babur

Shekara arba'in da biyu Baba Tela ya yi yana taka keken ɗinki guda ɗaya, kuma in ka ji ƙarar keken nan sai ka rantse jiya aka fito da shi daga kwali. Sirrin ba ɓoyayye ba ne, don ya sha faɗa wa duk wanda ya tsaya a ƙofar shagonsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba: inji abu uku yake so, ka goge shi, ka ɗiga masa mai, ka rufe shi. Ranar da ba aiki kuma ka ɗan taka shi don kada ya sandare. Taurin kansa irin na mutumin da ya daɗe ba a kama shi da kuskure ba ne. Matarsa takan ce da ita ma keke ce da ta more aure.

'Ya'yansu huɗu, mata uku da suka yi aure suka watse, sai auta namiji. Auta bai gaji allura ba. Aikin karanta mitar ruwa ya samu, gida-gida, unguwa-unguwa, kuma bayan ya cinye takalma sun fi a ƙirga ya sayi wani ƙaramin babur ja, mara nauyi, irin wanda 'yan koyo ke fara hawa. Shekara huɗu yana kansa ko ƙwarzane bai yi ba. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Ranar da za a wuce da shi asibiti ya jingina babur ɗin a baranda, ya miƙa wa uban makulli ya ce, "Baba, kada a bar shi ya mutu, in na tashi aiki na jirana." Bai tashi ba.

Daga nan Tela ya ɗauki babur ɗin tamkar amanar da aka damƙa masa hannu da hannu. Ya zauna ya ɗinka masa riga da yadi mai kauri, ya yi mata shafi da leda, ya sa mata zif har ƙasa yadda ko iska ba za ta shiga ba. Kullum da safe kafin ya fita shago sai ya zuge zif, ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya bi sarƙar da man keke ɗigo-ɗigo, sannan ya buga kik. Dattijon da bai taɓa hawa ko keken hawa ba, sai da ya yi mako yana fama kafin ƙafarsa ta gane yadda ake yi. In injin ya tashi sai ya tsaya a gefe, hannu a baya, ya bar shi yana gunji minti biyar cif, ya kashe, ya mayar da riga. A cikin minti biyar ɗin nan matarsa takan daina duk abin da take yi a kicin. Ba su taɓa yin maganar ba.

Surukansa biyu sun nemi ya ba su, ɗaya da ladabi, ɗaya da wayo. Dukansu kallo ɗaya ya yi musu suka canza zance.

Wata goma sha huɗu ana haka. Ran nan ya buga kik, shiru. Ya sake, babur ya yi tari sau ɗaya ya yi gum. Ya buga har gwiwarsa ta kumbura. Kwana uku gidan ba ƙarar inji, kuma a rana ta uku ya tarar da matarsa tsaye a baranda tana kallon rigar babur ɗin, idonta jawur. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun a asibiti. Ya tura babur ɗin da kansa, yana ɗingishi, har rumfar Dogo bakanike, abokin auta tun suna makarantar firamare.

Rumfar kwano ce, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai, tayoyi a rataye, sifanu a cikin rabin jarka. Dogo na hango jan babur ɗin ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya gaishe da Tela har ƙasa, ya goge masa benci, sannan ya durƙusa. Ya kwance filogi, ya fito baƙi kamar gindin tukunya. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ya kwance ƙusar ƙasan inji, baƙin mai ya zubo fari-fari kamar shayi da madara. Da ya danna ƙasan salansa, bututun hayaƙin nan, da babban yatsa, sai yatsan ya shige.

"Baba, wa ke hawansa?"

"Ba mai hawansa," in ji Tela, har da ɗan alfahari. "Ko ƙofar gida bai taɓa fita ba. Kullum sai na tayar da shi minti biyar."

Dogo ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ya riga ya goge.

"To, Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Minti biyar ɗin nan su suka cinye shi. Injin ba ya kai ga yin zafi, sai ya tara gumi a ciki, ruwa ya gauraya da mai, ya kwanta a salansa. Ka zo ka rufe shi da leda, danshin ba hanyar fita. Sarƙar nan kuma me kake sa mata?"

"Man keke. Mai kyau, wanda nake sa wa nawa."

"Wannan ai ruwa ne a wurinta, Baba. Babur ba keken ɗinki ba ne. Shi in ba ya tafiya, ruɓewa yake."

Da wani ne ya faɗa masa haka a kan inji, da sai an raba su. Amma ga ramin da yatsa ya huda yana kallonsa. Wata goma sha huɗu yana tashi da sassafe yana kashe abin da aka ce kada ya bari ya mutu, da hannunsa, da tsummansa, da man da yake taƙama da shi. 

"Zai tashi?" Da ƙyar ya iya tambaya.

"Zai tashi. Amma in ka mayar da shi baranda, baɗi war haka sai dai masu sayen ƙarfe. Dole a riƙa hawansa, ko sau ɗaya a mako, a yi nisa da shi har ya yi zafi sosai."

Yini guda Dogo ya yi a kansa. Ya wanke kafireta, ya zubar da tsohon fetur, ya canza mai da filogi, ya jiƙa sarƙa a kananzir ya goge ta da buroshi, aka kai salansa wurin mai walda. Tela bai buɗe shago ba ranar, yana kan benci yana bin kowace ƙusa da ido. Da la'asar Dogo ya buga kik sau biyu, injin ya kama.

"Bari in zaga da shi, Baba, ya buɗe."

Tela ya miƙe ya riƙe kan babur ɗin. Ya san gaskiya aka faɗa masa, amma ya ga wani ya hau ya ɓace da shi a kwana, wannan zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

"Ba inda za shi ba tare da ni ba."

Dogo ya dube shi da mamaki, don duk abokan auta sun san Baba Tela ba ya hawa babur. Sau nawa auta ya roƙe shi ya bari ya kai shi shago, Tela yana cewa shi ba buhu ba ne da za a ɗaura a baya, ƙafafunsa ba su gaji da shi ba tukuna. Dogo ya sa ƙafa ya taɓo matakan baya, inda wanda aka goya ke ɗora ƙafa. Komai na babur ɗin nan sai da aka yi kokawa da tsatsa kafin ya motsa, amma su suka sauko sumul, ko ƙara babu.

"Su waɗannan ba su ci tsatsa ba," in ji Tela.

"Giris ɗin da ke cikinsu ya isa shekara biyar," in ji Dogo, yana kallon ƙasa. "Duk wata in auta ya kawo gyara sai ya sa na cika su. Na ce masa kai da ba ka goyon kowa, ɓarnar giris ta mece ce? Ya ce in dai sa, wata rana Baba zai yarda."

Tela ya tattare rigarsa. Sai da ya gwada sau biyu kafin gwiwar ta yarda ta tsallaka. Dogo ya ce ya riƙe shi da kyau, ya riƙe shi, ya kifa goshinsa a bayansa, suka hau titi. Sun yi nisa sosai, har injin ya yi zafin da ake so, kuma Dogo bai waiwayo ba ko da ya ji bayan rigarsa ya jiƙe.