Dubu da Tara Ba Ta Rabuwa

Shekarar da Babanmu ya rasu, mu uku muka koma ɗakin kakarmu, Inna Kulu, a Argungu. Bandar kifi ce sana'arta, kuma a bakin murhun take yi mana tatsuniya bayan magariba. Hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye, amma ko gezau.

Wata rana na jiyo baffanninmu biyu suna shawara a zaure. Baffa Sani zai tafi da yayana Bello garin Augie, Baffa Umaru ya kai ƙanwata Sa'a Birnin Kebbi. Da aka zo kaina, ni sarkin rashin ji, sai aka rasa mai ɗauka. Wallahi ranar ko tuwo ban taɓa ba.

Da yamma suka shigo sanar da Inna. Ta nuna musu tabarma. "Ku zamna tukuna, ɗiyana na jira. Ga ta nan tafe!"

Muka ce, "Ta iso mu ji ta."

Wai masunta gida bakwai ne suka kama tarwaɗa dubu da tara. Aka kasa kashi bakwai, kowa ya samu ɗari da arba'in da huɗu, ɗaya ta yi saura. Rigima ta tashi. Aka sa gidan liman, kashi takwas, ɗaya ta yi saura. Aka ƙara da mai unguwa, kashi tara, haka. Suka gwada biyu, uku, huɗu, shida, ɗayar nan tana nan tana kallonsu. Ga rana, ga ƙuda, kifi ya fara wari.

Baffa Sani ya ƙosa. "Haba Inna, ai sai a yar da ɗayar a huta."

Inna ta juya kifinta a kan wayar banda, sannan ta dube mu. "To Sani, nuna min wadda za a yar."

Ta ci gaba da tatsuniyarta.

"Sai wata tsohuwa mai baƙin haƙori irina tac ce musu, wanga kifi ba ya rabuwa, ku kai shi murhu guda. Sunka banda shi tare, sunka ci har damina. Ƙurunƙus, ku tashi ku yi sallah."

Maganar rabon ba ta sake tasowa ba. Shinkafa dai ta riƙa zuwa daga Augie, kayan makaranta daga Birnin Kebbi, mu kuma muka girma a ɗaki guda muna ƙamshin banda.

Yau ina koyar da lissafi a unguwar Badariya, Birnin Kebbi. Na zauna na gwada lambar nan har zuwa talatin da ɗaya, inda gwajin yake ƙarewa: babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Yadda tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta samo ta, har yau ban sani ba. Allah ya jiƙan Inna, ina kewarta.

Duk shekara nakan rubuta 1009 a allo, in ce a raba da bakwai. Ba a rasa yarinyar da za ta ɗaga hannu. "Malama, ɗaya ta yi saura!"

Sai in ce, "Bar ta nan, tana da gida."